Ƙayar Da Zakka Bai Ji Ba

An yi wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi, ana ce da shi Zakka. Ku gyara zama ku ji labarinsa, don ni kam duk lokacin da na ba da shi sai in ƙara ganin girman mutumin nan da matarsa.

Kogin garinsu ba irin wanda jirgi ke bi ba ne. Da rani ko akuya tana tsallake shi, amma in damina ta kankama sai ya cika ya tumbatsa, ga duwatsu a ciki, ga gudu, kwalekwale bai isa ya shiga ba. Kasuwa da asibiti kuwa duk suna ƙetare, gada kuma tana can nesa, sai mutum ya wuni yana tafiya bai kai ba. To, Zakka shi ne mai fito, amma da ƙafa yake nasa fiton. Yakan shiga gaba da sandar gora a hannu, mutane su riƙe igiya su bi bayansa, inda ya taka nan za su taka.

Kada wani ya ce ai wannan aikin ƙarfi ne kawai. Ƙarfafa sun gwada, kogi ya koya musu hankali. Ruwan damina ja ne wur, ba ka ganin ko hannunka a ciki, kuma duk ambaliyar da ta zo sai ta sake shimfiɗar yashin ƙasa. Inda jiya ruwa ya tsaya a gwiwa, yau rami ne mai haɗiye mutum. Baiwar da Allah ya yi wa Zakka a tafin ƙafarsa take. In ya ɗora ƙafa, yana jin yashin da ya kwanta ya yi tauri, yana jin wanda ke zamewa a hankali ƙarƙashin diddige. In ya ji tsakuwa, ya san ƙasa ce mai riƙe mutum. In kuwa wani sanyi ya lashi idon sawunsa, ya san akwai zurfi a kusa, kafin ma ya gama tunani jikinsa ya riga ya karkata ya bar wurin.

Kai, mutumin nan abin kallo ne a cikin ruwa! Jarirai a ƙwarya yake ɗora su a kansa, ya ƙetare da su ko ɗigo bai taɓa su ba. Tsofaffi kuwa goya su yake yi, yana tafe yana tsokanarsu wai sun cinye tuwon jikokinsu shi ya sa suka yi nauyi, su kuma suna dukan kafaɗarsa suna dariya har su manta da tsoro. Tun da ya gaji aikin daga mahaifinsa, kogi bai taɓa ƙwace masa ko mutum ɗaya ba.

A garin nan ba a biyan mai fito da kuɗi. In kaka ta yi, kowane gida yakan kai masa dami. Sai kuma wata al'ada da suka tarar tun kakanni: ran kasuwa, in an haye, akwai wata tsamiya inda mata masu burukutu ke zama, duk wanda aka ƙetarar sai ya sa a cika wa mai fito ƙoƙo. Suna ce masa ƙoƙon korar sanyi. Ƙin karɓa kuwa raini ne, kamar ka ce wa mutum ransa bai kai a yi godiya dominsa ba. Ku lura fa, babu mai nufin Zakka da sharri a cikinsu. Ƙaunarsa suke yi, da ƙaunar suke miƙa masa abin.

Da fari ran kasuwa ne kawai. Daga baya ya zama duk ranar da ya shiga ruwa. Can kuma sai ga shi da ɗan goransa a gida, wai sanyin kogi ya shige masa ƙashi. Da burukutu ta daina kai shi inda yake so, ya koma wa wata ta kwalba, fara sol, mai ƙona maƙogwaro. Abinci kuma ya rage ci, in an kawo tuwo sai ya taɓa ya ture.

Matarsa, Afiniki, mace ce marar yawan magana, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ita ta fara ganin hannunsa yana rawa da safe in zai ɗauki kofin kunu. Ita ta lura yana tambayarta abu, ta ba shi amsa, an jima kaɗan ya sake tambaya. Mutumin da a da ko yara suka hau kansa sai dariya, yanzu in kaza ta gifta gabansa sai faɗa. Yana kuma kukan ƙafafunsa suna yi masa zugi, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a ciki. Bayan wani lokaci ya daina kukan, ya ce sun warke. Afiniki dai ba ta yarda ba.

Al'adarta ce in ya dawo daga kogi ta shafa masa man kaɗe a ƙafa don kada ta tsage. Wata rana da yamma tana cikin shafawa, yana kallon wani wuri, sai ta mintsini babban yatsansa da ƙarfi. Ko motsi bai yi ba. Ta sake, har farcenta ya shata. Shiru. Ta gaya masa abin da ta yi, ta roƙe shi ya bar abin nan ya je asibiti a duba shi. Ya ce ta cika neman magana, fatar ƙafar mai fito ai dole ta yi kauri. Amma a ransa ya san gaskiya. Ya daɗe yana shiga ruwa kamar wanda ya sa takalmin roba, ba ya jin ƙasa sosai, da tsohon sanin hanya kawai yake lallaɓawa. Sa'arsa ɗaya, daminar ta zo da sauƙi, kogi bai yi wata babbar ambaliya ba.

Sai ga ambaliyar ta zo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya yi toroƙo ya ci gonakin bakin gaɓa, sannan ya fara ja da baya. Kowa a garin ya san abin da wannan ke nufi: tsohuwar hanya ta tafi, sai ƙafar Zakka ta nemo sabuwa.

Da hantsi wata mata mai suna Damaris ta shigo gidan a guje, da ɗanta a goye. Zazzaɓi ya kama yaron, har ya fara shiɗewa, idonsa yana juyawa. Mijinta ya yi tafiya. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ka taimake ni ka kai mu ƙetare. In na bi ta gada, gawa zan kai.”

Zakka ya miƙe, ya ɗauki igiya ya yi gaba. Sandar gorarsa, wadda bai taɓa zuwa kogi ba tare da ita ba, ya manta da ita a jingine. Afiniki ta ɗauka ta bi su. Tana tafe tana kallon ƙasa, sai ta ga wani abu a kan damshin hanya: duk inda sawun mijinta na hagu ya faɗa, akwai ɗigon jini.

A bakin kogi akwai mutane, waɗansu da kayan kasuwa suna jiran mai fito, har da wata tsohuwa da tulun burukutunta. Afiniki ba ta so ta kunyata mijinta ba. Ta matsa kusa ta ce masa a hankali ya ɗan zauna ta ga ƙafarsa. Ya zauna a kan dutse yana mita. Ta ɗaga ƙafar, ta sa farce, ta zaro ƙayar aduwa mai tsawon gaɓar yatsa, wadda ta shige tafin har gindinta. Ta ɗora masa a tafin hannu. Zakka ya dubi ƙayar, ya dubi jinin da ke bin diddigensa. Ko da aka zare ta ma bai ji ba.

Tsohuwar nan ta ga hannunsa yana karkarwa. Don ta taimaka, sai ta cika ƙoƙo ta miƙo masa, ta ce ya sha ya kori sanyi, hannun zai tsaya. Kuma ba ƙarya ta yi ba, shi ma ya sani, in ya sha rawar za ta lafa na ɗan lokaci, zuciyarsa ta yi ƙarfi, ya ji babu kogin da ya fi ƙarfinsa. Ya karɓi ƙoƙon. Jama'a suna cewa ya hanzarta, Damaris tana jijjiga yaro tana kuka.

'Yan'uwa, ku tsaya nan ku duba abin da ke gaban mutumin nan. In ya sha ya shiga, babu mai sanin asirinsa, wataƙila ma ya dace ya haye. In bai dace ba, uwa da ɗa sun tafi. In kuma ya faɗi gaskiya, sunan da ya gada daga ubansa ya zube a gaban mutanen da suka ɗauke shi kamar dutse. Na san maza da yawa da za su gwammace kogi ya ci su da su buɗe baki su ce ba za su iya ba.

Zakka ya ajiye ƙoƙon a ƙasa, ya ɗaga ƙayar sama yadda kowa zai gani. Ya ce, “Jama'a, wannan daga gida na taho da ita a ƙafata, ban ji ba. Ƙafar da kuka dogara da ita ta mutu, giya ta kashe ta. In na shiga gabanku yau, makaho ne ke jan ku.”

Damaris ta zube ƙasa, ta ce to ita yanzu ina za ta sa kanta.

Zakka ya juya wajen matarsa. Ya ce sanin kogi yana nan a kansa bai tafi ba tukuna, abin da ya rasa shi ne mai kawo masa labari daga ƙasa. Ya ce, “Maman yara, ƙafarki tana da rai. Ki shiga gaba, duk abin da kika ji ki faɗa mini, ni kuma in gaya miki inda za ki taka. Igiya tana hannuna, in kin zame ba zan sake ki ba.”

Afiniki fa iyakarta da kogi wanki a bakin gaɓa, ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba. Ta dubi jan ruwan nan yana murɗawa, ta dubi yaron Damaris. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake tana da ikon faɗa. Ta tuɓe takalmanta, ta ɗaure zane tamau, ta ɗaura igiya a ƙugu, ta karɓi sandar gora. Damaris ta miƙa wa Zakka yaron yadda aka saba, ya ce a'a, yau hannunsa ba abin ba wa jariri ba ne, ta ɗaure shi can sama a kafaɗarta ta riƙe igiya a bayansa. Ya yi gajeriyar addu'a, suka shiga.

Haka suka yi ta tafiya, taki ɗaya, magana ɗaya. Ta ce ta ji tsakuwa, ya ce ta taka da ƙarfinta. Ta ce yashi ne mai laushi, ya tambaye ta ko yana tsaye ko yana gudu, ta ce yana tsaye, ya ce ta ci gaba. Ruwa ya kai musu ƙugu, ya kai ƙirji. Da suka isa tsakiya, inda tsohuwar hanya take miƙewa sak, jikin Zakka duk ya ba shi a miƙe, don nan ya saba bi shekara da shekaru. Sai Afiniki ta tsaya cak.

Ta ce, “Maigida, wani sanyi yana lasar idon sawuna, yashi kuma yana zarewa ƙarƙashin diddigena.”

Ya ce, “Kada ki ƙara ko taki. Ja da baya, ki yi dama, ki nufi sama da ruwa.”

Ta ja da baya. Don ta tabbatar, ta zura sandar gora a wurin da ta so takawa, sandar ta nutse har hannunta, ba ta taɓo ƙasa ba. Rami ne ambaliya ta haƙa a daidai tsakiyar tsohuwar hanyar. Zakka ya ga haka, hawaye ya bi fuskarsa. Suka zaga ta sama, ta sake jin tsakuwa, ruwa ya fara sauka daga ƙirji zuwa ƙugu, har suka dafa gaɓa. Damaris ko godiya ba ta tsaya yi ba, ta ruga asibiti, kuma Allah ya sa an kai yaron da sauran numfashi, ya rayu.

A gindin tsamiya mata suka taso da ƙoƙo kamar kullum. Zakka ya gode musu, ya roƙe su in suna ƙaunarsa su dama masa kunu mai zafi, shi da matarsa. Daga nan bai koma gida ba, shi ma asibitin ya nufa, ya gaya wa likita komai bai rage ba. Aka riƙe shi a can, don wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya yanke ta farat ɗaya ba tare da kulawa ba, yana iya shiga mawuyacin hali, har da farfaɗiya da gane-gane. Ya sha wuya ba kaɗan ba, ya yi gumi, ya yi karkarwa, ya yi kuka kamar yaro, Afiniki tana gefensa. Amma bai koma ba.

To, yanzu ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne.

Kogin nan shi ne zaman duniya. Kullum yana sake shimfiɗa, hanyar da ta fisshe ka bara ba lalle ta fisshe ka bana ba. Masu riƙe da igiya a bayanka kuwa su ne waɗanda Allah ya ɗora maka: matarka, mijinki, 'ya'yanku, iyayen da suka tsufa, fasinjan da ya hau bayan babur ɗinka. Babu wanda yake ƙetarewa shi kaɗai, ko da yana ganin kansa kawai yake cuta.

Tafin ƙafar Zakka kuma ba tatsuniya ba ce, kowannenku yana da irinta. Mahaliccinmu ya sa ƙwaƙwalwa a kai kamar maigida a ɗakinsa, ya shimfiɗa waɗansu jijiyoyi sirara daga can har ƙarshen yatsu, masu kai saƙo da komowa. Ka taɓa tukunya mai zafi, kafin ka ce wayyo hannunka ya riga ya janye. Uwa tana barci, jaririnta ya yi ɗan motsi, ta farka. Ni kam in na yi tunanin wannan aiki sai in rasa bakin yabo. Wa ya isa ya ƙera irin wannan in ba Ubangiji ba?

Giya kuwa guba ce ga wannan aiki mai kyau. Da ta shiga jini, ƙwaƙwalwa take nufa, kuma wurin da take fara kwantarwa shi ne wurin da ke ce maka tsaya, kada ka yi. Shi ya sa mai sha yake jin ya fi kowa ƙarfin hali a daidai lokacin da ya fi kowa rauni. Sai harshe ya yi nauyi, ido ya ga abu bibbiyu, ƙafa ta kama tangaɗi. Wannan na rana ɗaya ke nan. In aka daɗe ana yi, ga kuma rashin cin abinci, sai jijiyoyin su fara lalacewa, yawanci daga ƙafa: zugi, sannan mutuwar jiki. Hannu ya kama rawa, mantuwa ta shigo, hali ya sake har iyalinka su rasa gane ka. Ɗumin da ake cewa tana kawowa ma ruɗi ne, fata ce ke jin zafi alhali jiki yana zubar da ɗuminsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, takan kashe mai kawo labarin tun kafin labarin ya iso. Zakka da ƙafarsa ta daina ciwo ai cewa ya yi ta warke. Haka lamiri ma yake, in ka yi ta danne shi, wata rana zai yi shiru, ka ɗauka salama ka samu.

Kada kuma mu manta da masu miƙa ƙoƙo, don a nan yawancinmu muke. Wajen biki, wajen gayya, wajen makoki, mu ne masu cewa haba, ɗan kaɗan ne, kada ka ba ni kunya. In kana ƙaunar mutum, nemi wata hanyar nuna masa. Kunu bai ƙare a duniya ba.

Wanda kuma ya ji labarin nan ya taɓa shi, ban kawo shi don in kunyata ka ba. Dubi Zakka. Duk shekarun da ya yi yana ɗauke da jarirai a ka, a wurina bai taɓa kai girman da ya kai ranar da ya ɗaga ƙaya a gaban jama'a ya ce ba zan iya ba. Faɗi gaskiya ga Allah, ka faɗa wa wanda ya san ka, ka je asibiti a taimake ka, kada ka yi kokawar kai kaɗai. Ku kuma da kuke zaune da irinsu, ku yi koyi da Afiniki, wadda ta faɗi gaskiya tun da wuri, da ranar ta zo kuma ba ta tsaya gori ba, ta tuɓe takalmi ta shiga ruwa.

Na san kuna so ku ji ko ƙafar ta dawo. Ba duka ba. Abin da giya ta ci, wani yakan dawo in an daina da wuri, wani kuwa ya tafi ke nan. Zakka bai ƙara shiga gaba shi kaɗai ba, kullum Afiniki ce a gaba yana biye, har mutanen garin suka saba da jin muryoyinsu a tsakiyar ruwa, tana faɗa yana amsawa. A gindin tsamiya kuma aka koma dama wa masu fito kunu.

Amma wata rana da rani, bayan an daɗe, yana tafiya a tsakar gida ba takalmi, sai aka ji ya ƙwala ihu, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana tsalle. Afiniki ta fito a guje da muciya a hannu, ta ɗauka maciji ne. Ta tarar da shi zaune a ƙasa, ya riƙe ƙafa, yana dariya hawaye yana zuba. Wata 'yar ƙaya ce, ko rabin waccan ba ta kai ba.

Ya ce, “Maman yara, da zafi! Na ji ta, da zafi!”

Afiniki ta yar da muciyar, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ta durƙusa za ta cire masa, ya riƙe hannunta ya ce ta ɗan dakata tukuna, yana so ya ƙara jin ta.

Kai da ƙafarka take jin ƙaya yau, ka gode wa Allah, ka kuma kiyaye abin da ya ba ka. Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.